Jadawalin Jirgi da La'asar ta Daura

Ran Talatar da ta wuce samari uku suka shigo shagona da waya a hannu, suna so in buga musu sanarwar gasar ƙwallon unguwa. Na karɓa na duba, na ga sun rubuta "bayan la'asar" sun tsaya nan. Na ce a ƙara ƙarfe nawa. Ɗayansu, mai askin nan da ake barin tsibiri a tsakiyar kai, ya ce, "Haba Baba Ilu, wa bai san la'asar ba? Kai dai danna mana maɓalli, sauri muke yi." Na ce maɓallin nan ba ya dannuwa sai an ji labari. Suka kalli juna, suka ce za su dawo. Shi ya sa na zauna rubutawa, tunda na lura ku yaran yanzu abin da aka faɗa muku da baki ba ya shiga sai kun gan shi a rubuce, shi ma sai an turo muku ta waya.

Aikin farko da aka bar ni na yi da hannuna katin ɗaurin aure ne, a shagon maigidana Malam Tanimu, kan hanyar da ke bi ta wajen Kusugu. Lokacin haruffan dalma ake amfani da su, kowane harafi da gidansa a cikin akwati, ɗaya-ɗaya kake tsinta kana jerawa a juye. Shekara biyu na yi ina wanke tawada da kananzir, ina mayar da haruffa gidajensu, kafin a yarda in jera layi guda. Da aka ba ni katin nan sai na zage. Na sa sunan ango manya-manya, na zuba furanni a kowace kusurwa, lokaci da wuri kuma na cusa su can ƙasa da ƙananan haruffa. Malam Tanimu ya ɗaga tabarau ya duba, ya ce, "Wanda za a kai wa katin nan ya san sunan ango, ɗan ƙanwarsa ne. Abin da bai sani ba shi ne yaushe, kuma a ina. Abin da mutum zai yi kuka in ya wuce shi, shi ake ba manyan haruffa. Warware." Na warware ina ƙunƙuni, na sake jerawa tun daga farko.

Daga Daura na koma Kano na koyi manyan injuna, daga Kano sai Legas, inda na shekara bakwai a wata maɗaba'a kusa da tashar jiragen ruwa. A nan wani mai ɗaukar ma'aikata ya ga aikina, ya tambaye ni ko ina tsoron ruwa. Na ce ban sani ba, don ruwan da na sani na guga ne. Wata huɗu bayan haka ina cikin jirgin masu yawon shaƙatawa, irin wanda masu hali ke shiga su yi mako ɗaya ko biyu ana yawo da su gari-gari. Gari ne sosai a kan ruwa, da bene a kan bene, da wuraren cin abinci, da asibiti, da masu aski. Ni kuma ɗakina yana can ƙasa, ba taga, daga ni sai abokin aiki guda da inji da takarda.

Aikina shi ne jadawalin gobe. Takarda ce guda, gaba da baya, da ke gaya wa fasinja duk abin da za a yi washegari: yaushe za a ci abinci, ina za a yi kiɗa, wane gari za a tsaya, ƙarfe nawa za a sauka. Da hantsi kowane sashe zai turo nasa. Masu girki su turo, masu wasanni su turo, ofishin kyaftin ya turo lokacin isa da na tashi. In haɗa, in karanta sau uku, in buga, in ninke, in ɗaure bene-bene, kafin yamma masu gyaran ɗaki su zo su kwashe su ajiye wa kowa a kan gado. Kuna jin haka ku ce sauƙi. To takarda a teku laima take sha, ta lanƙwashe, inji ya cije ta. Sai na koyi ajiye ƙunshin takarda, rim-rim, a kan wani kanta da bututun zafi ya bi ta bayansa, in kuma karkaɗa kowane rim da hannu kafin in ɗora. Ran da igiyar ruwa ta tashi kuwa, da ƙafa ɗaya nake tokare bango ina aiki. Mafi ciwo shi ne in gama ninkewa kaf a bugo waya a ce iska ta hana tsayawa a garin gobe, an sauya. Sai a zubar duka a sake.

Abu guda na kawo daga Daura na dasa a takardar nan. A saman shafin gaba na yi akwati mai kaurin layi, a ciki na sa sunan jirgi da lokacin da dole kowa ya dawo, da haruffan da ko mai hakiya zai gani. Jirgin nan ba motar Katsina ba ce da za a ce direba ya dakata wani ya tafi kama ruwa. In lokaci ya yi ana janye gadar hawa jirgi, a bar ka a ƙasar mutane da rigar da ke jikinka. Sau biyu shugabar sashenmu tana cewa akwatin ya ci wuri, a rage shi a sa tallan wurin gyaran gashi. Na ce mata to, ban kuma rage ba.

Shekarar da ta fi mini wuya ita ce shekarar da aka kawo manhaja. Aka ce kowane fasinja ya sa ta a wayarsa, a nan zai ga jadawali, ya kama kujerar cin abinci, ya buɗe ƙofar ɗakinsa. Gaskiya ɗaya ce, abin yana da amfaninsa. In iska ta sauya hanya, kafin in karkaɗa rim guda waya ta gaya wa kowa. Amma ku zo ku ga mutane. An biya kuɗi an zo kallon teku, kowa ya sunkuyar da kai yana tafiya yana karo da ɗan'uwansa. Aka sallami abokin aikina, aka bar ni ni kaɗai. Aka ce daga yanzu ba a kai takarda ɗaki sai wanda ya roƙa, in kakar yawon ta ƙare kuma za a duba ko masu roƙon sun isa a ci gaba da riƙe inji da mai injin. Sai na koma farautar masu son takarda kamar mai tallan fura, duk tsohon da na gani yana lalube a waya sai in matsa in gaishe shi.

A wannan shekarar aka tura jirginmu arewa, ƙasar Norway, bayan na yi shekaru a ruwan ƙasashe masu zafi. Rana ta biyu da ɗaukar sababbin fasinja, na hau bene na bakwai da damin takarda, sai na ji wata murya tana cewa, "Wannan ƙofa ba ta da mutunci." Da Hausa! Na juya na ga dattijo da babbar riga da sanda, yana nuna wa ƙofa waya kamar mai nuna wa jariri madubi.

Na yi sallama. Ya amsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai kuma ɗan wane ne a cikin ruwan nan?"

Na ce, "Ilu ne, Baba, daga Daura."

"Daura! To ni Mamman ne, daga wajen Kongolam. Zo ka yi wa ƙofar nan magana da yarenta."

Alhaji Mamman dillalin shanu ne, ya haura saba'in. 'Yarsa Dakta Binta, likita ce a Turai, ita ta matsa masa ya zo ya huta tare da ita da mijinta da 'ya'yansu. Ta saya masa waya ta sa masa manhaja, ta nuna masa sau goma. Shi kuwa ya ce abin da ke ƙara a aljihun mutum ba tare da an tambaye shi ba, ba abin yarda ba ne. Ba ya karanta boko, ba ya ɗaura agogo, amma ajami kamar ruwa. Nan take dabara ta zo mini. Na ce, "Baba, kullum zan kawo maka takarda, in rubuta maka abin da ya shafe ka da ajami a bayanta." Ya ce, "Yauwa Mai-Tawada, yanzu na ji magana." Tun daga ranar sunana ke nan a bakinsa. Dakta Binta ta yi dariya ta ce, "Kawu, kana ɓata mana shi fa." Na ce mata takarda ba ta neman caji.

Kwana uku abin yana tafiya daidai, har ina nuna wa shugabarmu cewa ga abin da manhajarta ba ta iya ba. Sai dai akwai abin da ban lura da shi ba. Duk sanda hannuna ya koma ajami, kaina ma Daura yake komawa. Ba na rubuta masa ƙarfe kaza, tunda ba agogo gare shi ba. Sai in rubuta da hantsi, bayan azahar, kamar yadda za ka gaya wa kowane dattijo a gida. Na san magariba ta rikice a ƙasar nan, don da bazararsu rana ba ta faɗuwa sai kowa ya gaji da jiranta, saboda haka wajen abincin dare nakan rubuta "in Binta ta buga ƙofa". Amma ban taɓa kawowa a raina la'asar ma ta gusa ba. Ni da ke ɗaki marar taga, ƙarfe huɗu na yi nake shimfiɗa darduma, yadda na saba tun ina yaro. Har Alhaji ya ce mini, "Mai-Tawada, la'asar ɗin ƙasar nan malalaciya ce." Na yi dariya na wuce, ban kula da abin da ya faɗa ba.

Rana ta biyar za mu tsaya a wani ƙaramin gari tsakanin duwatsu. Akwatin gaba ya ce kowa ya dawo ƙarfe huɗu da rabi, jirgi zai tashi ƙarfe biyar. Na juya baya na rubuta wa Alhaji, "Ka dawo jirgi da la'asar, kada ka wuce." A lissafina har rabin awa na bar masa na ƙari.

Da safe na gamu da shi a saman jirgi ya ƙura wa tudu ido. Ya nuna da sanda ya ce, "Ka ga abin da na gani? Shanu ne can, ko idona ne?" Shanu ne kuwa, jajaye, a wani fili sama da gari. Dakta Binta da iyalinta za su shiga bas a kai su kallon ruwan da ke zubowa daga dutse. Alhaji ya ce shi ya ga ruwa ya ishe shi, zai zauna. Ta sa masa waya a aljihu ta ce za ta yi ƙara in lokaci ya yi. Suna fita ya naɗe wayar a cikin hula ya tura ta ƙarƙashin matashi, ya ɗauki sandarsa da takardata ya sauka.

Ƙarfe huɗu da minti talatin da biyar ina ninke jadawalin gobe, sai lasifika ta kira wani suna. Sai da aka maimaita na gane Mamman ake nufi, don sun tauna sunan sun tofar. Irin wannan kira ma'anarsa ɗaya ce, na'urar ƙofa ta nuna mutum ya fita bai dawo ba. Maganar la'asar malalaciya ta faɗo mini a ka. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba a kan aiki, don na san hannuna ne ya rubuta.

Na haura da sauri. A bakin gada na tarar da Dakta Binta, wayarta ta riga ta sanar da ita tun tana cikin bas. Ta riga ta je ɗakinsa ta kira tasa, ta ji ta tana ƙara a ƙarƙashin matashi. Jami'in ƙofa yana yi mata bayani a hankali cewa in biyar ta yi za a bar fasfon mahaifinta wajen wakilin jirgi a garin. Tsoho ne da ba ya jin ko kalma ɗaya ta yarensu, ba waya, ba kuɗin ƙasar, ga maganin hawan jininsa a ɗaki.

Na ce, "Dakta, laifina ne. La'asar na rubuta masa."

Ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Kawu, la'asar a nan sai wajen ƙarfe shida."

Na gaya wa jami'in na san inda yake. Ya duba agogo ya ce biyar saura minti biyar zai janye gada, ko da ni ko ba ni. Na ce na ji.

Rabona da gudu tun ina koyon aiki, Malam Tanimu na aikena sayen kananzir. Na ratsa garin da rigar aiki duk tawada, na kama hanyar tudu, ƙirjina kamar zai fashe. Jirgi ya busa a bayana. Ban kai rabin tudun ba na tabbata ko na same shi ba za mu sauko a kan lokaci ba. Sai ga wata 'yar a-kori-kura tana gangarowa a guje, wata tsohuwar Baturiya da takalmin roba tana tuƙi, a gefenta babbar riga ta cika kujera. Ta taka burki. Alhaji ya leƙo ya ce, "Mai-Tawada, ina za ka haka kamar an koro ka? Hau mana, matar nan ta matsa sai ta kai ni." Na faɗa baya, tsakanin bokitan madara.

Daga baya ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya sami shanun, ya sami mai su, wato tsohuwar nan, suka wuni suna ciniki da hannu ba mai saye ba mai sayarwa. Ya buɗe bakin saniya ya gaya mata shekarunta da yatsu, ta yi mamaki. Ya yi mata jajen rashin tozo da ƙaho, ya yaba hantsa. Da azahar ya kafa sandarsa a ƙasa ya ja layi inda inuwa ta tsaya, yana jira ta ƙaru da tsawon sanda guda, yadda malaminsa ya koya masa tun yana yaro. Da jirgi ya busa, matar ta nuna masa tashar tana tambaya. Ya ce mata da saura. Don ya gamsar da ita sai ya zaro takardata ya nuna mata ajamin, ya nuna inuwar. Ita kuwa ta karɓa ta juya. Ba ta saka tabarau ba ma ta ga akwatin nan mai kaurin layi. Ta duba agogonta, ta kama hannun rigarsa ta ja.

Mun taka gada biyar saura minti shida. Fasinjoji sun jeru a sama suna tafi, Alhaji yana ɗaga musu sanda, a zatonsa haka suke tarbar kowa. Dakta Binta ta riƙe hannunsa tana kuka. Ya ce, "Ke kuma kukan me? Ni fa ban makara ba. Jirginku ne ya yi gaggawa." Wajen ƙarfe shida, muna tsakiyar ruwa, ya aiko a kira ni saman jirgi. Ya ce, "Yanzu ta yi. Ta ɗazu da ka yi a raminka, Allah ya karɓa a nafila. Zo mu yi ta gaskiya." Na bi shi muka yi.

An ba ni takardar gargaɗi, aka hana ni ƙara ko ɗigo a bayan jadawali. Na karɓa, don na cancanta. Da kaka ta ƙare aka duba masu roƙon takarda, ba su isa ba, aka kwance injin. Ba don Alhaji ba ne, da ma can hanyar ke nan. Na dawo Daura na buɗe wannan shago da kuke shigowa kuna ce mini in danna maɓalli. Ni ma yanzu ina da manhajar lokutan salla a waya, ba na musun ta. Waya ce ta fara sanin Alhaji ya ɓace, ba ta dai san inda yake ba. Takarda kuma bayanta ya ɓatar da shi, gabanta ya dawo da shi, kuma duka biyun ni na rubuta.

Shekara huɗu, duk sanda Alhaji Mamman ya shigo Daura sai ya sa ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar shagon nan. Ba ya sauka. Daga kan babur zai ɗaga murya, ko da hantsi ne, ya ce, "Mai-Tawada, la'asar ta yi?" In ce, "Da saura, Baba." Ya ce, "To a dai duba inuwa," su wuce. Maƙwabtana har sun haddace.

Bara bayan damina ya daina zuwa. Mako shida da rasuwarsa Dakta Binta ta shigo shagon. Ta ce za su yi masa saukar Alƙur'ani a gida, 'yan'uwa za su zo daga Kano da Katsina da tsallaken iyaka, tana so in buga sanarwa. Sai ta buɗe jaka ta ajiye wata takarda a kan teburina, ta yi laushi don ninkewa, har da tabon madara a gefe. Ta ce a cikin gafakarsa aka same ta. Na juya bayanta na ga rubutuna.

Na ɗauki biro na ce, "Wane lokaci za a sa?"

Ta ce, "Bayan la'asar, Kawu."

Na ce, "Ta ina?"

Ta yi dariya har da hawaye, ni kuma na sunkuya ina gyara takarda a inji, wadda ba ta bukatar gyara. Na buga musu ɗari biyu. A sama na yi akwati mai kaurin layi, na sa a ciki da boko da ajami: ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar ta Daura. Ba wanda ya makara.